Birnin da Hansai Ta Gina wa Tarwaɗa

Hansai maginiya ce, uwarta ma maginiya ce, haka kakarta. A Wudil aka haife ta, a unguwar magina da ke gangaren kogi, kuma in aka cire shekara uku da ta yi a Kausani gidan mijinta na fari, ba ta taɓa yin wata guda cur a wani gari ba. Tana 'yar shekara bakwai aka fara ɗora mata ƙwaryar yumɓu a ka. Tana sha ɗaya ta gina tulun da uwarta ta ɗaga, ta ƙwanƙwasa, ta ajiye ba ta ce uffan ba. A gidansu wannan shi ne yabo. Boko ba ta yi ba. Allo ta yi gwargwadon abin da za ta yi salla da shi, sauran karatunta duk a hannu yake.

Mijin farko ya sake ta, wai kullum farcenta da laka. Na biyu, Malam Lawan mai kwalekwale, bai ga abin magana a nan ba, shi ma cikin lakar yake wuni. Da shi ta haifi shida, uku suka tsaya: Yahuza ɗan fari, da mata biyu da aure ya kai ɗaya Gaya, ɗaya Darki. Malam Lawan ya rasu shekara tara ke nan. Ya bar mata ɗaki biyu da zaure da rumfar da take shanya a ciki.

Sana'ar kuwa tun yana raye ta fara ja da baya. Roba ta shigo, bokiti da jarka da kula mai riƙe sanyi, tandar waina ma ta koma ta ƙarfe. Matoya, wato filin da matan unguwar ke haɗa kayansu su gasa duk ranar Laraba, a da mata arba'in ke kewaye ta. A shekarar da ake wannan magana tara suka rage, ƙaramarsu ta aurar da 'ya. Hansai takan kai tuluna goma kasuwar Juma'a ta komo da bakwai. Ba ta yi wa kowa kuka. In an tambaye ta ya kasuwa, sai ta ce tana nan inda aka bar ta.

A farkon bazarar, tana hawowa daga bakin kogi da yumɓu a ka, ƙafarta ta goce, gwiwa ta bugu da dutse. Mako biyu tana kwance. Labari ya kai Kano, inda Yahuza ke koyarwa a makarantar sakandare. Ya zo ya gan ta, ya koma ya gyara mata ɗaki a gidansa, har da fanka da tayil. Ba mugun ɗa ba ne. Abin da yake so shi ne uwarsa ta zauna ta miƙe ƙafa, jikoki na kawo mata ruwa.

Inda abin ya ɗaure shi ne ɗan fari ne. Hansai irin matan da ce, waɗanda ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa haɗa ido da shi, balle su zauna suna ja-in-ja. "Mutumin Kano" take ce masa. In ya durƙusa yana gaishe ta, bango take amsa wa. Don haka maganar ta wurin Auta ta bi. Auta taubashiyarta ce, 'yar kawunta, kuma ita ce babba a matoya, ita ke jera kaya ta sa wuta. Shekara hamsin suna tsokanar juna ba wadda ta gaji.

Saƙon Yahuza gajere ne. Da zarar damina ta sauka, tunda dama magina ba sa samun shanya, zai zo da mota ya kwashe ta. Hansai ta ce to.

"To kika ce?" in ji Auta. "Ke da ko Gaya kika je suna sai kin ce ruwansu ba daɗi?"

"Me zan ce? In tsaya ina musu da shi kamar sa'ana?"

Ta ci gaba da murza yumɓu. Can ta ce a dai gaya masa, in akwai aikin mutane a hannunta ba za ta iya tafiya ta bar shi ba. Auta ta kai, ta kawo amsa: ya ce in da gaske akwai masu jiran aikinta, shi ba zai raba ta da shi ba. Da shi da ita duk sun san babu. Hansai ta hango ɗakin nan a ranta, santsin tayil, da hannunta a kan cinya daga safe har magariba, ba abin da zai taɓa sai carbi. Ba ta ƙi carbi ba. Amma ta san matan da aka kai irin wannan hutu, ta kuma san wata nawa suka yi a ciki.

Saura kamar wata uku ruwa ya sauka, wata Juma'a, wani mutum ya tsaya gaban kayanta a kasuwa. Zai yi shekara talatin da biyar, da tabarau, da 'yar jaka a kafaɗa. Bai taya tulu ba. Asusu ya ɗauka ya kife a ƙasa, ya ɗora murfin tukunya a kai, sannan ya kwanta rub da ciki a tsakar kasuwa yana kallonsu da ido ɗaya. Hansai ta jawo sauran kayanta kusa da ƙafarta.

Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya yi mata doguwar gaisuwa irin ta wanda ya san ya ba da kunya. Sunansa Saifuddeen, mutumin Gombe, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar garin. Asabar da Lahadi kuma shi da abokansa biyar suna shirya fim. Sun yi biyu, kuma da bakinsa ya ce ban da iyalansu ba wanda ya kalla har ƙarshe. Na ukun ne ya hana shi sakat. Labarin wani birni ne mai suna Zamdara da ya nutse ƙarƙashin teku tun zamanin da, mutanensa suka ci gaba da zama a can da sarauniyarsu, har wani masunci ya bi komarsa da ta maƙale ya faɗa cikinsu. Akwai kuma dodon teku da ke kewaya ganuwa, wanda a ƙarshe zai rushe garin. 'Yan wasa ba su ne damuwarsa ba, a gaban koren ƙyalle za a ɗauke su, kwamfuta ta saka su a ciki. Birnin ne babu. Sun gwada kwali ya jiƙe, sun gwada katako ya taso. Yana son a gina masa ƙaramin birni na yumɓu, wanda zai shiga wani akwatin gilashi na kiwon kifi da ya aro, tsawonsa kamar tabarmar salla.

"Ka taɓa ganin tekun?" in ji Hansai.

"A waya, Iya."

"To ni ko a wayar ban gani ba. Kogi na sani."

Ta tambaye shi ko abin aiki ne na gaske, ana jira. Ya ce ana jira. Ta ce ya kawo zanensa gida.

Zanen da ya kawo dogayen benaye ne masu tsini da kusurwa. Hansai ta duba, ta ce duk wanda ya zana wannan bai taɓa tsamo abu daga ruwa ba. Ta yi shekara talatin tana auren mai kwalekwale, ta ga abin da kogi ke riƙewa ya sako in ya janye. Tsingaro ne, kwalba ce, ƙashi ne, duk ruwa ya lashe musu baki, ba mai kaifi. Garin da ya daɗe a ƙasan ruwa gidajensa za su zama kamar tuluna a kife. Saifuddeen ya ninke zanen ya sa a aljihu. Abu ɗaya ya roƙa, a yi ƙofofin ƙanana, don in an ɗauka garin ya yi girma a ido.

A takarda ta ƙarshe dodon yake, da haƙora da ƙahoni. Hansai ta kife takardar.

"Wannan ba da ni ba. Gida zan gina maka, da ganuwa, har rijiya in kana so, ko da yake ban san me za su yi da ita ba. Abu mai ido da baki ba na ginawa. Ranar da za a ce in hura masa rai ba ni da abin hurawa."

Bai yi musu ba. Ya ce dama suna da wanda suka yanka da soson katifa. Washegari ya kawo shi a bayan babur ya nuna. Aka jefa shi cikin duro, ya taso ciki sama. Aka ɗaura masa dutse, wuya ya lanƙwashe, ƙaho ɗaya ya cire. Auta, da ta shigo aron rariya, ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Hansai ba ta yi dariya ba. Ta ce ya je bakin gada ya nemi Labaran mai kifi, ya ce a ajiye masa tarwaɗa mai rai, wadda ta fi kowace muni. In gida tsawon tafin hannu ne, ai tarwaɗa ta isa dodo.

"Allah ya riga ya yi maka abinka," ta ce, "ka tsaya kana ɓata katifa."

Mako uku ta yi tana gini. Gida talatin da huɗu, ganuwa mai ƙofa ɗaya, da fadar sarauniya mai kan tulu da tagogi goma sha tara. Tun da aka fara ɗora mata yumɓu ba ta taɓa gina abin da ba za a zuba komai a cikinsa ba, sai ga shi ta kan manta da abincin rana. Gwiwar ma ta daina jin ta sai ta zo miƙewa. Matan unguwa suna leƙowa, suna komawa suna cewa Hansai ta tsufa ta koma wasan yara, wasu kuma suna cewa wa 'yan ruwa take gina wa gida. Ta ji duka. Ba ta ɗaga kai ba.

Kyamarar da za a ɗauki birnin da ita daga Kano za a kawo, haya, ta wuni ɗaya tak, ranar Asabar. Ranar Larabar makon Hansai ta kwashi kayanta a faifai ta kai matoya. A nan ne kuskurenta ya fito.

Duk maginiya ta san abu rufaffe ba ya shiga wuta. Iskar da ke ciki ba ta da hanyar fita, sai ya fashe, tsingaronsa ya farfasa kayan da ke kusa. An taɓa yi shekarun baya, aka yi asarar randuna sha huɗu a gashi ɗaya. Tun daga ranar aka kafa doka: abin da yatsan Auta bai shiga bakinsa ba, ba ya hawa matoya. Hansai na nan aka kafa dokar. Amma ta biye wa Saifuddeen da ƙananan ƙofofinsa, ta huda su da tsinke, daɗin aiki ya ɗauke mata hankali. Ko mantawa ta yi, ko ta ɗauka taubasantaka za ta yi mata rana, ita ma ba ta iya faɗa ba.

Auta ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Fada ta wuce, ganuwa ta wuce, manyan gidaje bakwai suka wuce. Sauran ta tura su gefe.

"Yatsan naki ne ya kumbura, Auta. Tuwon gidan mutane ne."

"Ko ya kumbura shi ne ma'aunin. Ga randunan Talatu nan, da su take ciyar da marayu. Ba zan fasa mata kaya saboda gidan aljanunki ba."

Hansai ta san gaskiya ce. Busasshen yumɓu kuma ba a faɗaɗa masa baki, tsagewa yake. Ranar Alhamis ta haƙa ɗan rami a tsakar gidanta, ta sa uku a wuta ita kaɗai don ta gani da idonta. Biyu suka fashe, tsingaro ɗaya har ya huda mata zane a kan igiya. Ba ta gaya wa Auta ba, amma Auta ta ji ƙarar daga gidanta.

Da la'asar ɗin Juma'a Saifuddeen ya zo da murnarsa, yana cewa tarwaɗa na cikin duro, mai kyamara zai taso da sassafe. Ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba: gida ashirin da huɗu ɗanyu ne, in suka shiga ruwa narkewa za su yi. Ya zauna kan turmi, ya cire tabarau, ya ce shi ke nan. Ita ma a ranta abin da ta ce ke nan, don in aikin nan ya lalace ba ta da abin da za ta aika wa mutumin Kano. Ta tambaye shi, ba ya ce garin rushewa zai yi a ƙarshe ba? Wa zai rushe shi? Ya ce da guduma ya yi niyya, a fasa kaɗan, a ɗauka, a sake fasawa.

Sai ta ba shi labarin wata shekara, Yahuza na goye a bayanta, da ruwan farko ya yi mata ba-zata tana da ɗanyun tukwane talatin a fili. Ta yi ta kwasa cikin ruwa, ba ta tsira da ko biyar ba. Amma ta ga yadda suka tafi. Waɗanda ba ta goge ba su suka fara zubewa kamar tuwo. Waɗanda ta goge da dutse sun ɗan jure. Guda biyu da ta taɓa da hannun man gyaɗa su ne suka kai ƙarshe. Shekara arba'in tana ɗauke da wannan sani ba ta ga inda zai yi amfani ba.

Kafin magariba ta kasa gidajen uku. Kashi ɗaya ta bar su yadda suke, su ne na bakin ganuwa. Kashi ɗaya ta goge da dutsen gugarta. Na kusa da fada ta shafe su da man gyaɗa.

"Daga zuba ruwa," ta ce masa, "kana da gwargwadon dahuwar taliya kafin na waje su fara zama. Kuma sau ɗaya ne. Wannan 'a sake' da na ji kuna yi, babu ita."

Asabar da hantsi aka kafa akwatin gilashin a gindin darbejiyar matoya, inda rana ke ratsa ganye. Aka shimfiɗa yashin kogi a ƙasa. Kafin a sa fada, Hansai ta yi abin da take wa duk kaskon da ya fito daga wuta: ta sa garwashi a ciki, ta barbaɗa turare, ta tsaya ta ga ko hayaƙi zai fita ta wata tsagar da ido bai gani ba. Hayaƙi ya miƙe ta tagogi sha tara, ba ta ko'ina ba. Za ta juye garwashin, Saifuddeen ya ce don Allah ta dakata, ya jawo mai kyamara da hannu. Suka ɗauka. Ya ce a farkon fim zai sa, lokacin da garin yake kan tudu bai nutse ba. Hansai ta ce su dai yi sauri, turarenta ne ke ƙonewa.

Ta jera garin da hannunta. Aka saki ruwan burtsatse ta tiyo, a hankali, yana bin jikin gilashi don kada ya daki gini. Da ya cika, hasken rana ya sauka a kan rufin gidajen yana rawa, matan da suka zo kallon abin dariya suka matso kusa. Labaran ya tsamo tarwaɗarsa, baƙa, tsawon damtse, ido ɗaya fari, gashin baki kamar igiya. Ya sake ta.

Ta nutsa, ta kewaya sau ɗaya, ta tura kanta cikin ƙofar ganuwa inda inuwa take, ta kwanta.

Mai kyamara ya dubi Saifuddeen. Saifuddeen ya dubi Labaran. Labaran ya ce ai tarwaɗa ba ta son rana, in aka ƙyale ta nan za ta wuni. A lokacin gidajen bakin ganuwa sun fara fitar da 'yan kumfa, zaren laka na tashi daga gindinsu. Ba dama a sa hannu, za a gani a hoto. Ba dama a sake.

Auta, wadda tun ɗazu take cewa ita wucewa take yi, ta ɗauki taɓaryar da ake daka tsingaro da ita, ta zagaya ta bayan mai kyamara, ta doka ƙasa a gindin akwatin da duk ƙarfinta.

Tarwaɗa ta zabura. Bindinta ya share gida uku a tashi ɗaya, sauran na waje suka durƙusa kamar an sare musu gwiwa. Auta ta ƙara dokawa. Kifin ya ratsa tsakiyar gari, gogaggun gidaje suka tsattsage, rufi na zamewa gefe, laka na tashi kamar hayaƙi. Na man gyaɗa suka tsaya, suka tsaya, har Hansai ta fara zargin ta cika mai, sannan su ma suka karkata ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya yi ja, ya yi duhu. Abu na ƙarshe da aka gani shi ne kan fada a tsaye, da inuwar gashin baki ta gilma ta gabansa. Saifuddeen ya ce a tsaya, da muryar da da ƙyar aka ji.

"Mako uku kina gini," in ji Auta tana haki, "kifi ya gama da shi kafin a sha ruwa."

"Nawa dai an kalla. Naki randunan wa ya taɓa tsayawa kallonsu?"

Auta ta ce ladan taɓaryarta shi ne dodon. Da yamma ya shiga tukunyarta da tattasai.

Sai da kowa ya watse Hansai ta lura da abin da ba ta yi tunani ba: aikin ya ƙare, ruwa bai sauka ba. Saifuddeen ya shige ɗaki da kwamfutarsa, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ta koma ginin tuluna, tana kai goma tana komowa da bakwai. Bayan mako shida hadari ya haɗu ta gabas, aka yi ruwan farko. Saƙo ya zo ta bakin Auta: ana jarrabawa a makaranta, amma Lahadi ta uku zai zo da mota. Hansai ba ta ɗaure kaya ba. Ta dai wanke dutsen gugarta da guntayen ƙwaryarta, ta naɗe a tsumma, ta ajiye a kan randa.

A makon ne fim ya fito, aka sa shi a intanet. Saifuddeen ya kawo waya ya nuna mata a zaure. Gaskiyar magana fim ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Kambin sarauniya da murfin kwalba aka yi shi, ana ganin inuwar fankar da ke kaɗa mata mayafi, masuncin kuma da agogonsa a hannu a ƙasan teku. Mutane sun yi dariya son ransu. Amma in aka zo kan birnin sai dariyar ta tsaya. Wajen rushewar aka yanko ana ta turawa daga waya zuwa waya, ana gardama, wasu na rantsuwa a ƙasar waje aka haɗa dodon. Hansai ta kalla har ƙarshe, ta ce ganuwar ta karkata ta hagu. Ya nuna mata inda aka rubuta sunanta da garinta. Ta duba rubutun, ta ce to.

Maza dodon suka gani. Mata kuwa fadar nan suka gani tana fitar da hayaƙi ta tagogi sha tara. Kwana biyu da fitowar fim wata ɗalibar jami'a ta yi sallama, tana tambayar gidan mai kaskon sarauniya. Hansai ta ce ita ba ta san wani kasko ba, fada ta gina. Yarinyar ta ce ko ma mene ne, shi take so ta riƙa turare da shi. Bayanta wasu uku suka zo. Sai wata mai haɗa kayan amare a Kano ta nemo lambar Saifuddeen ta ce a yi mata arba'in.

Arba'in sun fi ƙarfin hannu ɗaya. Hansai ta kwance tsummanta, ta tara matan matoya a rumfarta, ta gina ɗaya a gabansu. Ƙaramin abu ne, yana bushewa a ɗaki ko ana ruwa. Auta ta ce ita ba ta taɓa gina gidan aljanu ba, ta kuma gina bakwai, nata suka fi na kowa faɗin taga. Laraba ta zo da rana, suka gasa. Aka aika wa Yahuza cewa aiki ya samu. Ya ɗauka irin zuzutawar Auta ce, ya ce yana nan zuwa.

Ranar Lahadi da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Yahuza ya shigo, matarsa Mas'uda na biye da shi da igiya da buhunan ɗaure kaya. A zaure ya tsaya, don ba inda zai sa ƙafa. Fadoji ne a jere tun daga bakin ƙofa har rumfa, jajaye, kowace da tagoginta. Da ƙyar ya samu wurin durƙusawa. Ya gaishe ta, ta amsa wa bango.

Mas'uda ce ta fara magana. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya tana juyawa, ta ce, "Inna, nawa suna ciki? Biyu na ce wa mai kayan amaren ta saya mini, ɗaya na ƙanwata."

Yahuza ya juya ya dubi matarsa. Ta ci gaba da duba kaskon. Ko son kaskon ne ya sa ta, ko son ɗakin mai tayil da take ajiye keken ɗinkinta a ciki, Allah ne masani. Auta ta ce ga kayan mutane ana jira a Kano, an kuma ƙara aiko da saƙon wasu, mota kuma tunda ta zo ba kaya bai kamata ta koma haka ba.

Ya daɗe a durƙushe. Can ya ce, ƙasa yake kallo, "Inna, gwiwar fa?"

Hansai ta juya wajen Auta. "Gaya wa mutumin Kano yanzu a baro ake kawo mana yumɓu. Na daina sauka kogi."

"Yana jin ki ai."

"Ke dai gaya masa."

Auta ta gaya masa. Ya yi ɗan murmushi bai ɗaga kai ba, ya miƙe, ya naɗe hannun riga. Buhunan da aka kawo don kayan ɗakinta su aka yayyaga aka naɗe kasake. Da ya ɗauki na ƙarshe, Hansai ta ce wa Auta a gaya masa ya ƙara ciyawa a tsakaninsu, kuma ya hau gada a hankali.

Shekara biyu ke nan. Ba ta yi arziki ba, kuma ko yayin kaskon zai daɗe ba wanda ya sani, an ma fara ganin na roba mai kama da shi a kasuwa, sai dai roba ba ta ɗaukar garwashi. Matan matoya sun koma sha biyu. Ɗakin Kano ta kwana a ciki sau biyu, ta ce fankar ba laifi. Saifuddeen na shirin fim na huɗu, wai wani gari ne a cikin cikin kifi, ya kawo zane ta mayar masa sau biyu. A na ukun ta karɓa, da sharaɗi ɗaya: kafin ta huda ƙofa ko ɗaya, sai an kira Auta ta kawo yatsanta.